Tarihin Cin Abincin Tunawa da Ranar Aure a Arlit

Al'adar miji da mata su fita cin abincin dare domin tunawa da ranar aurensu sananniya ce a wajen Faransawa, waɗanda suka zo Arlit haƙar yuraniyom. A wajen Hausawa da Abzinawa, shagalin aure shi ne ɗaurin aure da walima da kai amarya, kuma ba a saba ware wata rana a kowace shekara don tunawa da shi ba. Faransawa kuwa suna ƙirga shekarun zaman aure har su raɗa musu suna: shekara 25 ta azurfa ce, shekara 50 ta zinariya, kuma sau da yawa a gidan cin abinci ake yin bikin.

Garin kansa ma'adinin ne ya haife shi. An fara gano yuraniyom a Azelik a 1957, aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka aza harsashin Arlit a 1969 a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadez, sannan aka fara fitar da ma'adinin a 1971. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya soma haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akouta a 1978, ya kuma gina wa ma'aikatansa unguwar Akokan.

Kamfanonin biyu sun gina gidaje da asibitoci da makarantu da kantuna, suka raba unguwanni gwargwadon muƙami. Manyan ma'aikata, waɗanda a farko galibinsu Turawa ne, suna da gidan shaƙatawarsu mai wurin ninƙaya da ɗakin cin abinci. A nan ake shirya tebur bisa tsarin Faransa: a shimfiɗa farin ƙyalle, a jera cokula da wuƙaƙe, a fara da ɗan abu mai sauƙi, a kawo nama ko kifi, a biyo da cuku, a rufe da kayan zaƙi, ga burodi da giyar inabi a gefe. Kusan komai daga nesa yake zuwa, wani ta jirgin sama, wani a manyan motoci ta hanyar kwalta da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Agadez da Arlit. Ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, wutar lantarki kuma daga kwal ɗin kamfanin SONICHAR na Anou Araren. Masu girki da masu raba abinci da dama 'yan Nijar ne, kuma a nan suka ƙware a sana'ar. Wannan wadata ce ta sa aka riƙa kiran Arlit Paris ta biyu.

A bayan unguwannin kamfani kuwa, 'yan ci-rani da makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu sun kafa bukkoki. Cimarsu tuwo ce da shinkafa da wake, da gurasar Abzinawa da ake gasawa cikin rairayi mai zafi, da shayi. Teburin manya ya zama ma'aunin tazarar da ke tsakanin masu muƙami da sauran mutanen gari.

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, aka rage ma'aikata, 'yan ƙasa suka riƙa gadar muƙaman Turawa. Fim ɗin Idrissou Mora-Kpai na 2005, Arlit, deuxième Paris, ya nuna yadda garin ya koma bayan wucewar kakarsa. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin: a watan Satumba na 2010 aka sace mutum bakwai, biyar daga cikinsu Faransawa, ciki har da wani ma'aikacin kamfanin Areva na Faransa da matarsa, sannan a watan Mayu na 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a SOMAÏR. Zaman iyalan Turawa a garin ya ƙare. An rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, kuma a watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR hannun ƙasa.

Al'adar cin abincin tunawa da ranar aure ta saura a tsakanin wasu ma'aurata 'yan boko a Arlit da Agadez da Yamai, amma ta sauya kama. Lemo ya maye gurbin giya, gasasshen nama ko kaza ya zama babban abincin, ana yanka kek, kuma sau da yawa ana haɗawa da 'ya'ya da addu'ar Allah ya ƙara danƙon zama.