Baƙin Kaka a Fadamar Haɗeja da Nguru

Kowane manomi ya san shamuwa, mai zuwa da albishirin damina. Amma da kaka, tana juya baya, wasu baƙin ke sauka, su kuma daga uwa duniya suke: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki da suka yi ƙwai a Turai da Rasha, sanyi ya koro su, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara. Daga Oktoba har Maris masaukinsu fadamar nan tamu, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe.

A da, idan damina ta yi kyau, ambaliya kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000, sannan ta riƙa janyewa a hankali. A wannan janyewar arzikin yake. Masunci ya kama kifi, mai shinkafa ya girbe, a shuka wake a danshin da ruwa ya bari, Bafulatani ya shigo da shanu. Tsuntsun da ya sha tafiya kuma ya tarar da laka cike da tsutsa da ƙwayar ciyawa, ya sauka cikin kirinjijiya da ɗinya, 'yan gida.

Ina yaro wani maharbi a unguwarmu ya nuna mana ɗan zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar agwagwa, mara nauyi, da lambobi da baƙaƙen boko. Wani malamin makaranta a Denmak, Mortensen, shi ya fara sa wa tsuntsaye irin wannan zobe a 1899, kuma da irin zoben masana suka bi sawun hanyoyinsu har zuwa nan.

Sai dai can sama da mu aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ta Challawa kuma a 1992. Kano ta samu ruwan sha, Kadawa ta samu noman rani, ba mai musun amfanin nan. Mu na ƙasa muka biya kuɗin. Ambaliya ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya hana magudanai bushewa, sai ciyawar kacalla ta samu gindin zama. Na ga hanyar da kwalekwale ke bi ta toshe da ita, tsayinta ya fi mutum, ba a iya cusa sanda. Cikinta jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa gonakin shinkafa da gero.

Duniya dai ba ta manta da wurin ba. A 1987 aka fara shirin kare fadamar, a 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona ganin tsuntsaye, a 2000 kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. A watan Janairu masu ƙirga kan fito da madubin hangen nesa, su tsaya bakin ruwa tun asuba, suna rubuta abin da suka gani.

Ƙirga tana da amfani, amma ba ta cika tafki. Abin da agwagwar Turai ke nema shi masuncin Bade ke nema: ruwa ya zo da ƙarfi a damina, ya janye da rani. Masu riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa su saki ruwa a kan wannan tsari. Duk ranar da aka sake tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are kuma, a fara jin ta bakin mutanen Nguru da Gashuwa.