Asalin Kalmar "Jeli" da Matsayinta a Hausa

Jeli wani abin zaƙi ne mai santsi, wanda ake narkar da garinsa cikin ruwan zafi, a bar shi ya huce ya daskare. Tushen sunan Latinanci ne: *gelare*, watau daskarewa saboda sanyi. Daga nan Faransanci ya sami *gelée* da *gélatine*, Ingilishi kuma ya ari *jelly* daga Faransanci tun ƙarni na 14. Ke nan ba zaƙi sunan yake nufi ba, daskarewa yake nufi.

Shi sinadarin daga fata da ƙashin dabba ake samun sa. A 1679 Denis Papin, Bafaranshe, ya ƙera tukunya mai riƙe tururi wadda ke tausasa ƙashi. A 1897 Pearle Wait, a garin Le Roy na Amurka, ya haɗa garin da sukari da ɗanɗanon ƴaƴan itace, aka sa masa suna Jell-O.

Bahaushe ya san abin tun kafin ya ji sunan. Duk mai dafa ƙafar sa ko ganda a Birnin Lalle, ƙasar Dakoro, ya ga yadda romo ke kwana ya daskare da hunturu. Sai dai shi da gishiri da yaji ya san shi, ba da sukari ba.

Aron sunan kayan zaƙi ba baƙon abu ba ne. Birnin Lalle, inda Gobirawa suka zauna bayan barowarsu Azbin, yana kan hanyar arewa da kalmomin Larabci suka biyo. *Alewa* daga *halawa* take, mai nufin zaƙi. *Alkaki* kuwa daga *al-ka'k*.

Abin lura ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci shi ne kada a fassara jeli da *alewa*. Alewa daga rake ko sukari take, babu shakka game da halaccinta. Jelatin kuwa, mai yawa daga cikinsa da fatar alade ake yin sa a Turai, wani da ta shanu ko kifi. Kiran sa alewa zai ɓoye wa Musulmi mai karatu tambayar da ta kamata ya yi.

Shawararmu ita ce a rubuta *jeli* a Nijar da Nijeriya baki ɗaya, a bi shi da bayani: daskararren romon fata ko ƙashi da aka sa wa sukari.