Hawan Salla a Kano: Tsakanin Rumfa da Razdan

A watan Disamba na 1924 ba wanda zai yi tsammanin haka, amma shekara ɗari daidai bayan nan, watau a Disamban 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan salla na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Tun daga lokacin ake ta maimaita cewa wannan hawa ya zo mana ne ɗungurungum daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a nuna cewa zancen yana buƙatar gyara.

Da farko dai, Rumfa yana da rabonsa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya jingina masa ginin fadar da ake kira Gidan Rumfa, da busa kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage, ya kuma ce a zamaninsa aka fara sallar idi a Shadakoko. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar hawa zai ga yawancin waɗannan da idonsa. Sai dai kayan sarauta daban, tsarin hawa na kwana da kwanaki daban.

Mu ɗauki hakimai. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, galibin hakimai a cikin birni suke zaune, jakadunsu ne ke zuwa ƙauyuka karɓar haraji. Cikin shekarun farko na mulkin Turawa aka yanka gundumomi, aka tura kowane hakimi ya tare a ƙasarsa. Daga nan ne shigowar hakimi birni da dagatansa da 'yan lifidinsa ta sami sabon nauyi: wanda a da kullum yana fada, yanzu sai salla ta kawo shi. Jahi da jinjinar da yake yi a gaban Sarki tsohuwar caffa ce, amma tafiyar da ta kawo shi ta ƙarni na ashirin ce.

Hawan Nasarawa kuwa bai ɓoye asalinsa ba. Sarki ne ke fita daga ganuwa ya je gaida mai riƙe da mulkin zamani. A da Razdan ne, yau Gwamna ne. Kujerar ta sake mai ita, ziyarar ba ta sake ba. Na sha jin ɗalibai suna jin nauyin faɗin haka, kamar al'ada takan rage daraja in an ce Bature ya taɓa ta. A ganina wannan kunyar ba ta da wurin zama a nazarin tarihi.

Haka ma sunan da baƙi suka san hawan da shi. Kalmar "daba" asalinta Farisanci ce, ta Indiya Turawan Ingila suka ɗauko ta. Da ita suka kira taron sarakuna da dawakai irin wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, kuma sunan ya bi har zuwa bikin FESTAC na 1977. Waɗannan taruka ne na nuni ga baƙo, ba ruwansu da idi. Bakano dai "hawa" yake cewa.

Abin da ya fi daɗewa cikin hawan, wanda bai tsufa ba, shi ne ma'anarsa ta mubaya'a. Shaida ita ce abin da ya faru bayan rikicin sarautar Kano ya tashi a 2024, inda mutum biyu kowanne ke cewa shi ne Sarki. 'Yan sanda sun hana hawa a babbar sallar shekarar, suka sake hanawa a ƙaramar sallar 2025. Da wasan dawakai ne kawai da ba a hana ba. Tambayar da aka guje wa ita ce, a gaban wa hakimi zai ja linzami ya ɗaga hannu?