Zuwa bakin teku da iyali: bayani a kan Gran-Popo, tsakanin Kwatano da Lome

Duk bayan salla wayoyinmu kan cika da hotuna daga ƴan uwanmu da ke bida a Kwatano, Lome da Abijan: samari sun jeru da kayan salla, ruwa a bayansu har iyakar gani. A nan gida, Madawa, Buza da Keita, waya takan yi ta zagaya hannun tsofaffi. Wata ta yi murna, wata ta ce a gaya masa ya ja da baya daga bakin ruwan nan. Yanzu da dama cikin ƴan uwan sun kai matansu da yaransu can, kuma suna tambayarmu inda mutum zai kai iyali su ga teku ba tare da hayaniya da cunkoso ba. Shi ya sa muka tattara wannan bayani a kan wuri guda, Gran-Popo ta ƙasar Benin, wadda a allon hanya za ku ga an rubuta Grand-Popo. Mu faɗa tun da fari: wurin ya dace da iyali matuƙar a kan yashi za a zauna. Ruwansa ba na wanka ba ne.

Inda garin yake

Gran-Popo tana kudu maso yammacin Benin, cikin jihar Mono, wajen kilomita 85 yamma da Kwatano, kuma kamar kilomita 20 kafin iyakar Togo ta Hilakonji. Babbar hanyar Kwatano zuwa Lome ta bi ta nan, saboda haka motocin haya ba sa yankewa. Daga Kwatano tafiyar awa biyu ce in hanya ta yi kyau, ana ratsa Wida da Kome. Kuɗi sefa ce irin tamu, agogo ma ɗaya ne da na Nijar. Wanda ya taso daga Lome dai ya tuna Benin tana gaban Togo da awa guda.

Garin siriri ne, a shimfiɗe yake tsakanin ruwa biyu: teku ta kudu, kogin Mono ta arewa. Mutanensa ƴan ƙabilar Hwala ne da Mina, yawancinsu masunta da manoma, kuma suna noman albasa da tumatir a cikin yashi, abin da mutumin kwarin Tarka zai tsaya ya duba da kyau. A zamanin Turawa gari ne na cinikin manja. Daga baya ciniki ya koma Kwatano, musamman bayan buɗe tashar jiragen ruwa a 1965, teku kuma ta cinye wani sashe na tsohon garin. Ragowar gidajen ƴan kasuwa na wancan lokaci suna nan a unguwar Gbekon. Mutuwar kasuwar ce ta bar wa garin shirun da baƙi ke nema yau: yashi mai tsawon kilomitoci, itatuwan kwakwa, da masunta suna jan taru.

Wanda zai taso daga gida, tafiya ce ta fiye da kilomita 1,200: Kwanni, Doso, Gaya, a ƙetare zuwa Malanbil, sannan Kandi, Paraku har Kwatano, hanyar da motocin albasarmu suka daɗe da sani. Tun Yulin 2023 ƙetare iyakar Gaya ya shiga matsala, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, don haka a je tasha a tambayi halin da hanya take ciki a makon da za a tashi. A riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo, takardar haihuwar yara, da katin allurar shawara mai launin ɗorawa.

Me ya sa muka ce ba a wanka

Ruwan da muka saba da shi kwantacce ne. Wanda ya koyi iyo a tabkin Keita, ko Tabalak, ko a bayan baraji cikin Majiya, ya san ruwa mai zurfi da laka, amma bai san ruwa mai ja ba. Teku a wannan gaɓa, tun daga Abijan har Legas, ba ta hutawa. Igiyarta daga nesa take tasowa, daga kudancin tekun Atlantika, ba tsibiri ko dutsen da zai rage mata ƙarfi. Ga shi yashin Gran-Popo gangare ne. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, taku biyu gaba ya kai masa ƙirji. Igiya takan fashe daf da gaɓa, ta kayar da babban mutum, sannan wajen komawa ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Abu na biyu shi ya fi kisa, kuma ido ba ya saurin gane shi. Ruwan da igiya ke zubowa gaɓa dole ya koma. To, ba ko'ina yake komawa daidai ba. Yakan tattaru ya yanki hanya siririya ya miƙe ciki da gudu, kamar yadda ruwan sama kan sauko daga tudu ya haɗu a ƙorama guda. A bakin wannan hanya igiya ba ta fashewa sosai, kumfa kaɗan ne, ruwan ya fi duhu ya yi lumui. Baƙo sai ya ce yauwa, ga wuri mai sauƙi, a nan yara za su shiga. Nan ne kuwa tarkon. Gudun ruwan yakan fi ƙarfin gwanin iyo.

Wanda ruwa irin wannan ya ɗauka, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta rigingine ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu ya yi kira. In ya iya iyo, ya yi gefe, gabas ko yamma, har ya fita daga hanyar, domin ba ta da faɗi sosai, sannan ya nufo gaɓa. Wanda ke kan tudu kuma kada ya faɗa ruwa don ɗan uwansa. Mun san wannan magana tana da nauyi, amma sau da yawa haka mutum ɗaya ke zama biyu. A jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, ko igiya, a ruga a kira masunta, su ne suka san ruwan.

Shirun wurin ma yana da nasa aibu. Inda babu jama'a, babu mai gani. A mafi yawan gaɓar ba za ku tarar da mai gadin ruwa ba, don haka a zauna kusa da masauki ko inda masunta ke aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya. A ba babba ɗaya aikin kallon yara, ba waya a hannunsa, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Kada a bar wa yayarsu ƴar shekara goma.

Ku lura da yashi: inda ya jiƙe, igiya ta kai nan, kuma za ta sake kaiwa. A shimfiɗa tabarma can sama da shi. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a yini da dare, ya fi hawa kuma a kwanakin tsayuwar wata da ranakun 14 da 15. Masu son hoto kada su juya wa teku baya a kan jiƙaƙƙen yashi. Mata masu dogon hijabi da zane, da maza masu babbar riga, su sani tufa in ta sha ruwa nauyi take yi ta naɗe ƙafa.

Abin da iyali za su gani

Da sassafe masunta kan ja taru daga gaɓa, mutum ashirin ko fiye a igiya ɗaya suna waƙa, mata na jira da kwanuka. Ana iya sayen kifi nan take. Yara kan shagala da ƙaguwa da bawon kifi, a sha ruwan kwakwa a inuwa.

Ta ɓangaren kogi ruwa ya fi kwanciya. Ana hayar kwale-kwale a bi Mono zuwa gabas, ta cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, har inda kogin ya faɗa teku. Wurin ana ce masa Bush-di-Ruwa, a rubuce Bouche du Roy, sunan da ya samo asali daga kalmar Fotigal mai nufin bakin kogi. A hanya akwai ƙauyukan da mata ke dafa gishiri, wanda ya san aikin Foga zai gane shi. UNESCO ta sa wannan yanki na Mono cikin wuraren da ake kiyayewa a 2017. A yi ciniki kafin a hau, kuma kowa ya sa rigar ruwa, har jariri. In mai jirgi ya ce babu, a nemi wani. A bakin kogin kansa ba a shiga ruwa ko kaɗan, nan ruwa biyu ke karo.

Daga ƙarshen damina zuwa cikin sanyi manyan kunkuran teku kan fito da dare su yi ƙwai a yashi. Doka ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu, kuma akwai masu gadin da ƙungiyar Nature Tropicale ke aiki da su, waɗanda kan tattara ƙwan su saki ƴaƴan in sun ƙyanƙyashe. Wanda ya dace da ranar saki, yaransa ba za su manta ba.

Lokaci, abinci da salla

Disamba zuwa Maris ya fi: ba ruwan sama sosai, teku ta ɗan lafa. Daga Yuni zuwa Satumba ta fi haushi. Mai neman shiru ya kauce wa farkon Janairu, lokacin bikin addinin gargajiya na Vodun, da kuma bikin Nonbica da ƴan garin ke yi tun 1921, wanda ke faɗowa a watan Mayu ko Yuni. A ranakun nan masauki yakan yi wuya.

Gari ne da Musulmi ba su da yawa, saboda haka a gidan abinci a tambayi irin naman, ko a tsaya ga kifi. Akwai wata barasa ta gida da ake kira sodabi, fara tas kamar ruwa, ana zuba ta a kwalbar ruwan sha. Kada yaro ya sha daga kwalbar da ba ku kuka buɗe ba. In kun ga gunki, ko tukunya da jan ƙyalle a gindin itace, wurin ibadar masu gari ne: ba a taɓawa, ba a ɗaukar hoto sai da izini. Sauro yana da yawa ta wajen kogi, mai kwana ya tafi da gidan sauro.

Ruwan teku ba ya shawuwa, kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, amma malamai sun ce mai tsarki ne, ana alwala da shi. A ɗebo a buta, a yi alwalar a sama. Alƙibla kuwa, in kun fuskanci teku gabas tana hannun hagu. Ku juya hagun, sannan ku ƙara karkata kaɗan zuwa tudu, domin a can ta fi kwantawa arewa a kan yadda muka saba a gida.

In tsautsayi ya faru

Lambar ƴan kwana-kwana a Benin 118 ce. Wanda aka fiddo daga ruwa, kada a kife shi ana danna ciki wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma amai na iya shaƙe shi. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a rufe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska a baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan wasu awowi.