Abin da Kwabo Mai Huda Ke Faɗa

A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Julius Kaisar ya sa fuskarsa a dinarin azurfa na Rum, domin duk wanda kuɗin ya shiga hannunsa ya san mai mulki.

Kwabo da aninin da Turawan Ingila suka fara buga mana a 1907, waɗanda kakanninmu suka kashe a kasuwar Sabon Garin Zariya, ba su da fuskar sarki. Huda ce a tsakiya, sai kambi, sai tauraro mai tsini shida, sai rubutun Larabci, wanda shi mutanenmu suka iya karantawa. Da haka baƙon mulki ya shiga aljihunmu.

A 1973 naira ta zo, sunan kwabo ya tsira. Kafin mu zubar da na cikin adakar kaka, mu karanta shi.