Jirgi Marar Matuƙi da Sake Gina Hasumiyar Hadba ta Birnin Mosul

Manufar wannan takarda ita ce a duba rawar da hoton sama ya taka wajen mayar da hasumiyar Masallacin Nuri da ke Mosul, ƙasar Iraƙi, da kuma iyakar abin da masanin tarihi zai dogara da shi daga irin wannan hoto.

Auna gini ta hanyar hoto ba sabon abu ba ne. Tun a 1858 wani Bajamushe mai suna Albrecht Meydenbauer ya fara tunanin haka, bayan ya kusa faɗowa daga majami'ar Wetzlar yana awo da hannu. Hikimar ita ce, idan aka ɗauki kusurwa ɗaya ta bango daga wurare biyu ko fiye, lissafi zai fitar da matsayinta. Abin da jirgi marar matuƙi ya ƙara shi ne yawa da kusanci. Yakan kewaye gini yana ɗaukar dubban hotuna masu hawa kan juna, sa'an nan kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda za a iya aunawa.

Sarki Nuruddin Zangi ne ya ba da umurnin gina masallacin a wajen 1172. Hasumiyarsa ta tubali, mai tsawon kimanin mita 45, ta karkace tun ƙarnoni da suka shuɗe, shi ya sa mutanen gari suka laƙaba mata Hadba, wato mai doro. Ranar 21 ga Yuni, 2017, mayaƙan Da'ish suka tarwatsa ta da nakiya, ba abin da ya rage sai gindinta. A 2018 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da birnin, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba da dala miliyan 50.4, kamfanin Iconem na Faransa kuwa ya ɗauki tsohon garin daga sama, a lokacin da shiga lunguna da ƙafa ke da haɗari saboda nakiyoyin da aka binne.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara. Jirgin ya iso ne bayan ɓarna, saboda haka kango ya tarar, kuma kango ya ɗauka. Hotunansa sun nuna inda tarkace ya zube da irin lahanin da gindin ya samu. Amma siffar hasumiyar kanta, da adon tubalinta da yadda ta karkata, sai da aka koma ga tsofaffin hotuna da awon da aka yi kafin rushewa. A ganina, duk siffar kwamfuta da ba ta bambance abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta ba, ba ta cancanci a kafa hujja da ita ba, kome kyawunta. Har ila yau, hoton sama ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa: ɗakunan alwala na ƙarni na 12 da ke ƙarƙashin masallacin, haƙa ce ta tono su a 2021.

Akwai kuma tambayar da na'ura ba ta amsawa, wato a miƙar da hasumiyar ko a mayar mata da doronta? Da aka tuntuɓi mutanen Mosul, mafi yawansu suka zaɓi doron. Haka aka yi, aka haɗa da tsofaffin tubalan da aka tsinto daga tarkace, aka kammala ginin a 2025.