Hanyoyin Samun Digirin Farko a Jami'o'in Najeriya

Tsawon karatun digirin farko ya danganta da fanni. Yawancin fannonin kimiyya da adabi shekara 4 ne, injiniyanci da shari'a shekara 5, likitanci kuwa shekara 6.

Ƙofar shiga biyu ce, duka ta hannun hukumar JAMB. Wanda ya kammala sakandare yakan rubuta jarrabawar UTME ya fara daga aji ɗaya, mai takardar NCE ko difloma kuwa yakan nemi shiga aji biyu kai tsaye.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa na iya zaɓar karatun yamma da ƙarshen mako. Sai dai wanda ya bi wannan hanya ba a tura shi yi wa ƙasa hidima. Takardar ɗauke masa ita ake ba shi.